Yadda na koyi ɗaukar hoton ƙwari kusa-kusa a Kano, daga waya zuwa tsohuwar kyamara

Da waya na fara, kuma inaga duk wanda zai shiga harkar nan da waya ya kamata ya fara kafin ya je ya zuba kuɗi a kayan da bai san ko zai ɗore da su ba. Akwai wani ɗan lens mai maƙali da ake samu a Farm Centre da wajen masu kayan waya na Beirut Road, irin wanda zaka matse a bayan waya ya hau kan kyamara, yawanci biyu ne ɗaure da juna, na saman mai faɗaɗa hoto ne sai ka warware shi ka ajiye, na ƙasan shi ne na makro, wato na ɗaukar ƙanƙanin abu daf da daf. Mutane da yawa basu san ana warwarewa ba shi yasa suke cewa abin baya aiki. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Sai ka cire gidan wayar tukuna don lens ɗin ya zauna daidai, sannan in wayarka mai ido uku ce ko huɗu ka buɗe kyamara ka riƙa toshe idanun da yatsa ɗaya bayan ɗaya, wanda ka toshe hoto ya ɗauke toh shi ne babban, a kansa zaka maƙala. Wayoyi da yawa irin su Tecno, Infinix da Redmi suna zuwa da nasu idon makro amma galibi megafiksel 2 ne, hoton yana kyau a fuskar waya, kana ɗan jawo shi sai ya watse. Babban ido da lens mai maƙali ya fi shi nesa ba kusa ba. Masu iPhone 13 Pro da sauran Pro ɗin da suka biyo baya kam an hutar da su, tun 2021 aka sa musu makro da ke kama abu daga santimita 2, amma mu ba a layinsu muke ba.

Matsalar waya ɗaya ce, tazara. Sai ka kai lens ɗin wajen santimita 2 zuwa 3 daga jikin ƙwaro kafin hoto ya fito garau, toh wane ƙuda ne zai zauna ka kawo masa waya har hanci? Ga inuwar wayar ta rufe shi. Don haka a lokacin abubuwan da basa gudu na fi ɗauka, tsutsa a kan ganye, ƙwan ƙwari, tururuwa da na ɗiga musu ruwan suga a kan dakali suka taru suna sha basu ma san ina wajen ba. Ka danna yatsa a fuskar waya ka riƙe har fokos, wato wurin da hoto ke fitowa garau, ya kulle, daga nan kada ka sake taɓawa, kai ne zaka riƙa matsawa gaba da baya. In kana da iyafis mai igiya ka jona, maɓallin ƙara murya yana ɗaukar hoto a mafi yawan wayoyi, kaga hannu bazai girgiza wayar ba.

Abin da ya gyara min harkar tun kafin in riƙe kyamara shi ne tumfafiya. Bin ƙwaro da ƙafa baya kai mutum ko'ina, shukar da yake ci ake nema, in ka same ta shi zai zo ya same ka. A wajenmu ta Rijiyar Zaki akwai filaye da aka kewaye ba a gina ba, kuma duk ɗan Kano ya san irin filin nan ba a rasa tumfafiya a cikinsa, ko da rani tana nan kore shar, ko akuya bata cika kula ta ba. Wallahi in ka tsuguna gaban guda ɗaya ka yi shiru na 'yan mintoci zaka sha mamakin abin da ke rayuwa a jikinta.

Na farko farar tumfafiya, babba ce mai launin rawaya da zane-zane masu duhu, ba irin wadda ake soyawa da yaji ba ce, ba a cin ta. Dafin shukar take tarawa a jikinta shi yasa tsuntsu baya son ta, ita ma ta san haka, don haka bata da saurin tashi, iyakaci ta zagaya bayan reshe ta ɓuya. Ga mai koyo babu abin da ya kai ta, zata zauna maka ka gwada duk saitin da kake so. Kada dai ka kama ta da hannu, tana fesa wani ruwa mai wari. Sai darɓa, 'yan mitsi-mitsin ƙwarin nan rawaya masu baƙaƙen ƙafafu da ke cika kan sabon toho, da ido sai ka ɗauka datti ne, a lens kuwa zaka ga kowanne ya soka baki yana zuƙar ruwan shuka, wani lokacin har da tururuwa na zagaya su don ruwan zaƙin da suke fitarwa, can gefe kuma ga ɗan ƙwaron nan mai zagayayyen baya da ɗige-ɗige yana cinye su ɗaya bayan ɗaya. Sannan malam-buɗe-littafi mai ruwan lemo da baƙin gefe da farin ɗigo, wanda muke gani kullum, a bayan ganyen tumfafiya yake saka ƙwansa guda-guda. Tsutsar tana da zobe-zoben baƙi da fari da rawaya, da wasu siraran ƙahonni bibbiyu a wuri uku na bayanta, in ta ƙoshi sai ta rataye ta koma wani ɗan ƙunshi kore mai ɗigon ruwan zinare. Duk matakan nan a jikin shuka ɗaya na ɗauke su, ban biya kuɗin adaidaita ba.

Amma dan Allah a kula da farin ruwanta. Ganye yana karyewa yake tsatsowa, in ya shiga ido yana iya yi wa gani illa sosai, kuma mai ɗaukar hoto kullum hannunsa na zuwa fuska. Ni da gorar ruwa nake zuwa in wanke hannu kafin in taɓa ido ko kyamara.

Bayan tumfafiya akwai zogale, in ya yi fure ƙudan zuma basa barinsa, har da manyan baƙaƙen nan masu ƙugi da ke huda itace. Bishiyar lemon tsami kuma ka duba sababbin ganye, akwai tsutsar wani babban malam-buɗe-littafi baƙi mai ɗigon rawaya, tana ƙarama siffar kashin tsuntsu take yi don kada a cinye ta, in ta girma ta koma koriya. Furen kuɓewa da na yakuwa su ma ba a raina su.

Da na ga abin ya kama ni sai na sayi Canon 600D ta hannu a wajen wani mai hoton biki da zai sabunta kaya. Tsohuwa ce, fitowar 2011, megafiksel 18, ta zo da lens ɗinta na gida 18-55mm. Abin da ya ja ni gare ta fuskarta tana buɗewa ta juya, in ƙwaro yana ƙasa ba sai ka yi ruf da ciki a cikin ƙaya ba. Lens ɗin makro na gaske kuwa da na ji kuɗinsa sai na ja da baya, ya fi kuɗin kyamarar kanta.

Wani dattijo mai gyaran kyamara a Sabon Gari na kai wa ita ya share min sensa, wato farantin cikin kyamara da hoto ke sauka a kansa, a nan nake ce masa Baba lens ɗin makro nake so amma ya fi ƙarfina. Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau yace ɗan nan, wanda ke jikinta me ya yi maka? Ya cire shi ya juya shi baya ya koma gaba, ya kara a bakin kyamarar da hannu yace leƙa, ya miƙo min bakin sukudireba. Na leƙa na ga ƙarfen ya cika ido har da tsatsar da ke jiki. Yace akwai zobe da ake sayarwa don haka, gefe ɗaya ya shiga zaren gaban lens ɗaya gefen ya shiga kyamara, ka duba lambar da ke rubuce a gaban lens ɗinka ka yi oda daidai da ita. Nawa 58mm ne. Nace Baba Allah ya saka da alheri, yace amin, amma ka sani bayan lens ɗin yanzu shi ne a waje, ƙurar Kano kuma bata da kunya.

Juyayyen lens yana da nasa hali. Babu oto fokos, kyamara ma bata san akwai lens a jikinta ba. In ka sa shi a 55 zaka samu girma daidai misali, in ka murɗa zuwa 18 abin sai ya yi girma fiye da kima, kan ƙuda kaɗai ya ishe ka, kuma wahalar riƙewa ta ninku. Ƙofar haske ma, wato kafar cikin lens da haske ke bi, wadda ake aunawa da lambar f, iya girman lambar iya tsukewarta, ba zaka iya canza ta ba tunda ƙarafan lantarkin lens da na kyamara sun rabu, dabarar ita ce ka ɗaura lens ɗin daidai tukuna, ka saita f/8 ko f/11, ka danne ɗan maɓallin nan na gefen bakin kyamara da ke tsuke ƙofar, kana danne da shi ka cire lens ɗin, toh zai fito a tsuke ya zauna haka. Illar ita ce in ka leƙa duhu zaka gani, neman ƙwaron ma aiki ne. Wanda ya samu tsohon lens 50mm ko 28mm na zamanin fim mai zoben ƙofa a jikinsa ya huta da duk wannan, da hannu zai murɗa.

Daga baya na koma kan zobban ƙarin tsawo, masu kaya suna ce musu ekstenshan tub, bututu ne kawai babu gilashi a ciki, ana sa shi tsakanin kyamara da lens ya nisanta su. Uku suke zuwa, wasu 12, 20 da 36mm wasu 13, 21 da 31. Ka nemi masu ƙarfen lantarki a ciki ko da sun ɗan fi tsada, da su kyamara zata ci gaba da sarrafa ƙofar haske, ka leƙa ka ga haske tar sai lokacin ɗauka ta tsuke. Na haɗa su da Canon 50mm f/1.8 kuma har yau da su nake aiki. Lissafin mai sauƙi ne, tsawon zobe a raba da lambar milimita ta lens, in ka sa wa lens 50mm zobe na wajen 50mm ka kai abin da ake kira 1:1. Akwai kuma Raynox DCR-250, wani gilashin ƙara girma da ake maƙalawa a gaban lens, masu harkar suna yabonsa sosai, ni dai ban riƙe shi ba.

Shi 1:1 ɗin nan ma'anarsa girman ƙwaro a zahiri shi ne girmansa a kan sensa. Sensar 600D faɗinta milimita 22.3 ne, tsayi 14.9, kaga ƙudan gida mai milimita 6 ko 7 zai ci kusan kashi ɗaya cikin uku na faɗin hoton, ƙudan zuma kuma ya haura rabi. A nan ne zaka fara ganin idon ƙuda ashe ba ɗaya ba ne, 'yan gidaje ne jere reras dubbai, na mazari ma suna kaiwa kusan 30,000 a ido ɗaya.

Toh amma ga inda gizo ke saƙar. A wannan girman, wurin da ke fitowa garau a hoto, daga gaba zuwa baya, ko a f/11 bai wuce milimita ɗaya ba, kamar kaurin katin ATM. In ido ya fito fes fukafukai sun yi dishi-dishi, in ka ja numfashi ma ka fita daga layin. Mutum zai ce toh a tsuke ƙofar zuwa f/22 mana, eh zurfin zai ƙaru amma hoton gaba ɗaya sai ya yi laushi ya rasa kaifi, haka haske yake yi in ya bi ta ƙaramar kafa. Ni tsakanin f/8 da f/11 nake zama. Sauran kuma dabarar tsayuwa ce, ka ɗauki ƙwaro ta gefe yadda jikinsa zai yi layi ɗaya da fuskar kyamara, sai kusan duka ya shiga, in kuma ta gaba kake so toh ido shi ne komai, ido ya fito ko sauran sun ɓace ba wanda zai yi ƙorafi. Kuma ka sauko daidai tsayinsa, hoton da aka ɗauka daga sama bayan ƙwaro kawai yake nunawa.

Fokos da jiki ake yi. Ka kashe oto, ka kafa gwiwar hannu a kan gwiwar ƙafa ko ƙasa, ka matsa gaba a hankali a hankali har ido ya fito, ka danna, ka ɗan ja baya ka sake shiga ka sake dannawa. Mafi yawan hotunan sharewa zaka yi, haka abin yake ga kowa, kada ranka ya ɓaci. In akwai iska, kuma a Kano da wuya ka rasa ta, ka kama reshen da hannun hagu daga ɗan nesa da ƙwaron, ka ɗora bakin lens a kan wannan hannun, sai reshe da kyamara su riƙa motsi tare. Wannan dabarar ta fi min sandar kyamara mai ƙafa uku amfani, kafin ka gama kafa shi ƙwaro ya kai Kurna.

Yanzu maganar haske, wadda a ganina ta fi lens muhimmanci, kuma ita ce mutane suke tsallakewa su tafi neman kaya masu tsada. In ka kai 1:1 hasken da ke isa sensa ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, ga ƙofa ka tsuke, ga hannu na rawa. Zaka ce ai rana muke da ita har ta yi yawa, toh ranar Kano ta tsakar rana ita ce mafi munin haske ga ƙwaro, jikinsu ƙyalli gare shi, sai ka ga wani wuri ya ƙone fari fat babu komai a ciki wani wurin kuma baƙi ƙirin. Filash ne mafita, saboda walƙiyarsa ɗaya bisa dubbai na sakan ce, ita ke daskarar da motsin hannunka da na ƙwaron. Amma filash tsirara shi ma irin aikin ranar yake yi, kuma na kan kyamara lens yana tare shi ya jefa inuwa daidai inda ƙwaron yake.

Abin da ake yi shi ne a sa masa mayafi, difyuza. Nawa na farko da farin soson nan mai laushi na cikin kwalin kayan lantarki na yi, na yanko kamar tafin hannu biyu, na huda rami a ƙasa na zura bakin lens a ciki, sai ya tsaya a tsaye a gaban filash ɗin kyamara ya ɗan ranƙwafa kan ƙwaro. Filash ya bugi soson, soson gaba ɗaya ya zama fitila. Bambancin da na gani a hoton farko ya fi duk wanda canza lens ya taɓa kawo min, ƙyallin nan mai ƙona ido ya tafi, launin jikin fara ya fito, gashin ƙafar ƙudan zuma da garin fure a jiki ɗaya-ɗaya. Sirrin shi ne hasken ya fito daga wuri mai faɗi kuma kusa da ƙwaron, iya faɗinsa da kusancinsa iya laushin inuwa. Farar robar tekawe tana yi, farar takarda tana yi, har murfin bokitin fenti fari na gwada amma ya cika kauri yana cinye haske. Abin dai ya zama fari tas, in yana da ɗan launi zai rine maka hoto.

Da na samu hali na sayi Godox TT600, filash ne na manuwal mai cin batir AA huɗu, ka nemi masu caji don in ba haka ba kuɗin batir zai ishe ka. Na yi masa hanci da kwali, na liƙe cikin da takardar foyil, gaban na rufe da soson, na ɗaure da kyauro da salatif. Ba kyau a ido ko kaɗan, duk wanda ya gani sai ya yi dariya, amma aiki yake. Kafin ka sayi irin wannan filash ka duba saman kyamararka ko akwai ɗan ƙarfen tsakiya a mazauninsa, wasu ƙananan Canon irin 4000D basu da shi kuma filash ɗin manuwal bazai tashi a kansu ba.

Saitin da nake fita da shi kusan kullum ɗaya ne, kyamara a M wato manuwal, shota wato saurin ɗauka 1/200 na sakan, f/10 ko kusa da haka, ISO wato ƙarfin jin hasken sensa 200, ƙarfin filash a 1/16 ko 1/8, in gwada a kan ganye in gani, in ya yi duhu in ƙara filash in ya yi yawa in rage, sauran bana taɓawa. Kada ka wuce 1/200 a irin wannan kyamarar, baƙin layi zai yanke maka gefen hoto. Zaka lura bayan hoton yana fitowa baƙi kamar da dare aka ɗauka alhali da safe ne, saboda filash baya kaiwa nesa, wasu suna son haka, ni ya fara gundurata, sai in juya in samu ganye kusa a bayan ƙwaron, ko in ɗaga ISO zuwa 400 in sassauta shota don hasken gari ya shigo.

Lokacin fita kuwa bayan sallar asuba ne, gari na fara wayewa. Ƙwari basa ɗumama jikinsu da kansu, sai rana ta taɓa su suke samun kuzari, don haka da sassafe zaka same su a lafe a kan ciyawa wani har da raɓa a jiki, ka kusance su yadda kake so. Hantsi na yi shikenan sun farka. Damina ita ce kakar abin, daga Yuli zuwa Satumba ko'ina ka duba akwai abin ɗauka, ga hadari yana tace maka rana kyauta. Farkon ruwa kuma in an yi mai ƙarfi da daddare shinge zasu cika gindin fitila in an kawo wuta, ƙoƙi-ƙoƙi ma yakan zo farauta wajen. Da hunturu ƙwarin sun ragu sai a lambu da jikin tumfafiya, amma sanyin Disamba da Janairu yana riƙe su har wajen ƙarfe tara, matsalar ƙura ce, kada ka kuskura ka canza lens a fili cikin hazo, a tsukakkiyar ƙofa duk ɗigon ƙurar da ke kan sensa sai ya fito a hoto. Ka sayi 'yar bulowa ta roba ka riƙa hurawa. Watan Afrilu kam ni hutu nake ɗauka, zafin ya fi ƙarfin ni da ƙwarin.

Kowanne da halinsa, kuma sanin halin rabin aiki ne. Mazari in ka tashe shi kada ka bi shi, tsaya inda kake, sau da yawa kan tsinken da ya bari zai dawo. Ƙuda in ya fara murza hannuwa yana wanke fuska hankalinsa ya ɗauku, lokacin matsawa kenan. Ƙudan zuma ka zaɓi fure ɗaya ka saita a kansa ka jira. Ƙoƙi-ƙoƙi juyo kai yake ya kalle ka, akwai ɗan baƙin ɗigo a idonsa da zaka ga kamar yana bin ka duk inda ka matsa. Wanda na fi so dai ba ma ƙwaro ba ne a wajen masana tunda ƙafarsa takwas, ɗan gizo-gizon nan mai tsalle da ke yawo a bangon gida, manyan idanu biyu a gaba, maimakon ya gudu sai ya juyo ya ƙura wa lens ido, wani lokacin ma ya daka tsalle ya hau kai. Duk cikinsu abu biyu ke korar su, motsi na farat ɗaya da inuwarka in ta faɗa kansu, don haka ka lura da inda rana take kafin ka durƙusa.

Sai mutane. Babba da kai a tsugune bakin kwata da wani abu mai hancin kwali, dole a tsaya kallo. Yaran unguwa sukan zo su ce Yaya kuɗinka ne suka faɗi? In na nuna musu kan fara a fuskar kyamara sai ihu, yanzu su ne 'yan rahotona, Yaya zo ga wani a jikin katangar su wane, sai dai na hana su kamowa don da sun kamo sun karya masa ƙafa. In zaka shiga lambu irin na Kwakwaci ko wajen masu sayar da furanni na bakin titi a Nassarawa, ka yi sallama ka faɗi abin da ya kawo ka ka nuna musu hoto ɗaya, ban taɓa samun wanda ya hana ni ba, wani mai lambu ma cewa ya yi Malam in ka gama ɗaukarsu ka tafi da su gaba ɗaya. Ka tambaya ko an yi feshi kwanan nan, in an yi ba abin da zaka samu kuma bai kamata ka kwanta cikin ganyen ba. Kusa da ofisoshin hukuma da wuraren jami'an tsaro kuwa kada ma ka fito da kyamara. Takalmi rufaffe dole ne da damina saboda maciji da kunama, gidan rina a bar shi daga nesa, sannan akwai wani siririn ƙwaro ja da baƙi da in ya hau jikinka hure shi zaka yi, in ka murje shi ruwansa yana tayar da fata ya yi bororo.

Wasu suna sa ƙwaro a firij ya sandare ko su kashe shi don su ɗauka a nutse, ni abin bai kwanta min ba, kuma hoton ma yana tona asiri, ƙafafu a naɗe ido ya dushe. In ina son gwada haɗa hotuna, wato ka ɗauki da yawa kowanne fokos a wuri daban manhaja irin Helicon Focus ko Zerene Stacker ta haɗe su ya fito garau daga kai har wutsiya, matattun da nake tsinta a jikin taga sun ishe ni. Aiki ne na zama da kwamfuta, mai koyo ya bar shi sai gaba.

Gyara kaɗan nake yi, in ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoto da kyamara bata sarrafa ba, in rage wurin da ya yi haske da yawa in yanke gefe a manhajar Lightroom, na waya kuma Snapseed ya wadatar. In zaka tura wa wani ta WhatsApp ka tura a matsayin dokumen, in ba haka ba zai matse hoton duk 'yan gidajen idon nan su narke. Don sanin sunayen ƙwari kuma a manhajar iNaturalist nake ɗora hoton, masana daga ƙasashe daban-daban su faɗa maka ko wane ne.

Yanzu tari nake yi don lens ɗin makro na gaske, Canon 100mm f/2.8 ko Tamron 90mm na hannu, ba wai don hotona zai canza sosai ba, tazara nake nema. Da zobba a kan 50mm 'yan santimitoci ne tsakanina da ƙwaro, shi kuwa 100mm ɗin yana ba ka wajen santimita 14 zuwa 15 a 1:1, wanda ya isa ka ɗauki rina da zanzaro ba tare da ka kai musu fuska ba. Baba mai gyara yace in na samu kada in biya sai na haska tocilan ta cikinsa na duba ko akwai wani farin zare-zare kamar saƙa a jikin gilashin, fumfuna ce, irin kayan da suka zauna a garuruwa masu laima suna yawan zuwa da ita, in na gani in ajiye musu abinsu ko nawa suka rage.